Ruwan Tarwaɗa a Makon Aikin Idona

A bazarar da aka yi mini aikin ido, ina da akwatunan gilashi shida a rumfar bayan ɗakina a garin Gazawa, kowanne cike da ƴaƴan tarwaɗa da ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba. Sau biyu na gwada ƙyanƙyasar ƙwan a baya, sau biyun duka suka mutu tun suna kamar zare. Wannan ne karo na uku, kuma shi ne na farko da suka rayu. Na riga na gaya wa kaina cewa in waɗannan suka tafi, na bari ke nan, don ƙarfina ba zai kai ga karo na huɗu ba.

Tuƙin babbar mota na yi har gashina ya yi fari. A Duwala, can Kamaru, na fara ganin kifi cikin gilashi, a shagon wani ɗan Lebanon, na tsaya kallo har ya tambaye ni ko saye zan yi. Amma inda abin ya kama ni sosai kusa da Ibadan ne. Mota ta lalace mini daidai wani gidan ƙyanƙyasar tarwaɗa, na yi kwanaki ina jiran kayan gyara, ba abin yi sai bin ma'aikatan wurin da tambaya. Da na ajiye tuƙi na dawo gida, abin da na sa a gaba ke nan.

Ɗan tarwaɗa ba ya son ruwan da ya jima. Ci gare shi, ga ɓata wuri. Safe da yamma nakan sa tiyo in zuƙe dattin ƙasa, in kwashe rabin ruwan da bokiti, in zuba sabo. A lokacin zafi in ka tsallake sau ɗaya, ruwan zai yi wari, ka gan su sun taso sama sun tsaya a tsaye kamar allurai. In ka tsallake na biyu, sai dai kwasa.

Yanar ido ta rufe mini na hagu, na dama ma ya fara hazo. Likitocin ido na zuwa Maradi ne na ɗan lokaci su tafi, wanda bai samu ba sai wata shekara. Wanda ya duba ni ya ce zan yi ƴan kwanaki a can, kuma ko na koma gida ba sunkuyo, ba ɗaukar nauyi. Mai ɗakina ita za ta raka ni. Ƴaƴanmu duk suna nesa. Ba wanda zan bar wa aikin bokiti.

Sai na tuna abin da na gani a Ibadan. Su ba su kwasar ruwa. Sabon ruwa ne ke ɗiga a hankali cikin kowane kwami dare da rana, tsohon yana fita ta wata ƙofa a sama. Su da injin suke yi. Ni kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, ba ta da tabbas, don haka na ce zan ɗora ruwan bisa ya sauko da nauyinsa.

Na kira taubashina, ɗan kawuna da ke aikin pampo a garin Gidan Rumji. Shi ma ya kusa ajiye aiki, amma bakinsa bai tsufa ba. Da ya shigo rumfar ya ga akwatunan, sai ya riƙe haɓa.

“Tsohon direba, mi na ka gani? Mutane na sa kihi a tukunya, kai ka sa su a madubi?”

“Kai dai ka yi abin da ya kawo ka.”

“Ai na yi. Amma in sun girma, nawa biyu. Ba don aikin ba, don haƙurin zama ɗan'uwanka.”

Muka gina dakali na bulo da ya fi akwatunan tsawo, muka ɗora tano biyu, gangunan nan masu cin bido, wato jarka, goma-goma. Biyu nake so saboda ruwan pampo na zuwa da warin magani, sai ya kwana a buɗe kafin kifi ya iya zama cikinsa. Ɗaya na aiki, ɗaya na hucewa. Daga gindinsu ya ja tiyo guda ya bi bayan akwatunan. Wurin rage ruwan ya koma ɗigo ne muka tsaya, don ƙananan makullan da na gani a Ibadan babu su ko a Maradi. Mai ɗakina ce ta ce, “Robar ƙarin ruwa ta asibiti fa? Ai da ɗan tayan nan ake rage ta.” Na sayo sababbi a farmasi. Kowane akwati ya sami tasa, ka murza ɗan tayan sama ruwa ya yi sauri, ka murza ƙasa ya ragu.

Saura hudar gilashi, inda tsohon ruwa zai fita. Muka rage ruwan kowane akwati, kifin na ciki, taubashina na huda ni ina zuba ruwa a bakin ƙarfen don kada ya yi zafi. Ya daina ba'a. Ni kuma da idona ɗaya mai hazo, hannuna ke bin ƙarar. Biyar suka hudu lafiya. A na shida muka ji ƙas. Tsaga ta sauko daga ramin har gindi, ruwa ya fara bin ƙafafunmu. Da kwano da rariya muka kwashe kifin muka raba wa sauran biyar ɗin. Ba mu rasa da yawa ba, amma akwatunan sun cushe, kuma cushewa na nufin ruwa zai riƙa lalacewa da sauri fiye da da.

Muka ɗaure kowace ƙofa da yankin gidan sauro don kada kifin su bi ruwa su fice, muka haɗa ƙofofin a babban tiyo da ke zubarwa bayan rumfa. Da muka buɗe, robobi biyar suka kama ɗiga. Na zauna ina saurare har magariba.

Wadda za ta tsare gidan yayata ce. Daga ƙauyenmu na wajen Agiye ta zo, inda rijiya ke da zurfin da in ka jefa dutse sai ka jira kafin ka ji. Tun tana yarinya take jan guga a can, har yau akwai kanta a tafin hannunta. Mijinta ya rasu da jimawa. Ni ne autanmu, kuma duk furfurata Auta take ce mini.

Na zagaya da ita, na nuna mata abincin da yawan da za ta barbaɗa, da yadda za ta cika tanon da ya ƙare ta juya makulli zuwa ɗayan. Ta ce ta gane. Na tafi sallar azahar.

Da na dawo rumfar ta yi tsit. Na shafa robobin ɗaya bayan ɗaya, duk an murza su ƙasa.

“Yaya, wa ya taɓa nan?”

“Ni. Zuba suke yi.”

“Ai zubar ce aikinsu.”

“Auta, na bi tiyon nan har bayan rumfa. Ruwa ne ke kwarara a ƙasa, ba mai sha ba mai wanka. A wannan zafin? Ka yi yawon duniya har ka manta inda aka haife ka?”

Ban iya yi mata faɗa ba. A Duwala ruwan sama kan yi mako yana zuba, ba mai ɗaga kai. A can in pampo na ɗiga, sai ya shekara a haka. Mu kuwa ko a gidan da ba naka ba ka ga ruwa na zuba, hannunka zai kai kafin ka yi tunani. Ni kaina na sha rufe pampon mutane a garuruwan da ban san kowa ba. Amma tafiya jibi ce, kuma in ta sake yin haka bayana, kafin a cire mini bandeji babu sauran kifi.

Na ja ta gaban akwati guda, na ce ta duba da kyau. Sun fara tasowa sama, bakunansu na taɓa iska. Na buɗe robar, muka tsaya. Can suka fara komawa ƙasa. Sai ta ce, “To, amma ba a ƙasa zai zuba ba.” Ta jawo babban bahon wanki ta tara a bakin tiyon. Ruwan na da ƙarni, amma awaki na sha, kuma zogale na so. A kan haka muka shirya. Na cika tano biyun fal, mai ɗakina ta bar mata ƙaramar wayarta, muka tafi.

Aikin ya yi kyau. Washegari da rana ina kwance a gidan da muka sauka, ido ɗaya a ɗaure, ɗayan kuma hazo, mai ɗakina ta kira gida ta kara mini wayar a kunne. Muka gaisa, ta yi mini ya jiki. Na tambayi kifi.

“Suna nan. Sai dai pampo ya ɗauke.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar da kuka tafi. An ce injin shato ne, babban tankin gari, ya lalace, duk gari babu.”

Na lissafa a raina. Tano biyu, in an rage ɗigon, za su iya kai mu har mu koma. Na ce ta murza robobin ƙasa kaɗan, kada ta damu, tano biyu sun isa.

“Ɗaya ne,” ta ce.

“Ina ɗayan?”

“Ɗiyar maƙwabtanka ta haihu, ta zo wankan gida. Haihuwar fari. Uwarta ta shigo da bido tun jiya. Safe da marece ake dafa mata ruwa, ka sani. Sannan na bayanku sun zo neman na sha.”

“Yaya, ruwan nan na kifi ne.”

“To, in ce wa mai jego ruwan na kifi ne? Ga uwarta nan tsaye, kai ka faɗa mata.”

Kafin in ce wani abu na ji wata muryar. Baiwar Allah ta yi mini sannu da jiki, ta ce Allah ya buɗe idon, ta ce ba su san yadda za su yi ba da babu gidana, duk unguwa ba mai ruwa a ajiye sai ni. Ta ce jaririn namiji ne. Mai ɗakina na zaune kusa, ina jin numfashinta.

A Sabha, can Libiya, na zauna gidan wani mutum da ke sa wa pamponsa kwaɗo, makullin na aljihunsa. Ba wanda ya ga laifinsa, shi ma bai ji kunya ba. Na tuna shi a lokacin, na kuma yi masa hassada.

“Ba komi, Hajiya,” na ce. “Ku ɗiba. Allah ya raya.”

Da wayar ta koma hannun yayata na tambaye ta ina ruwan ɗaya tanon ya tsaya. Ta ce in ta miƙa hannu ciki, sai ta kai gwiwar hannu kafin ta taɓa shi. Ke nan shi ma ya ragu. Akwati biyar a cushe ba za su rayu da wannan ba. In na ce ta daina ba su abinci don ruwa ya daɗe, tarwaɗa in ta ji yunwa ƴar'uwarta take ci. In na ce ta ci gaba, ruwan zai ruɓe. Haɗa su a akwati biyu kuwa kashe su ne gaba ɗaya. Gulbi ya ƙafe tun sanyi, balle a ce a sake su.

Na ce ta ba ni lokaci. Na kira taubashina. Ya ce yana kan wani aiki a Gidan Rumji, ba zai iya baro shi ba, amma ya san mai amalanke a Gazawa da ke ɗebo ruwa daga rijiyoyin lambu. Ya ƙara da cewa, “Kai da kihinka kun shiga layi bayan jariri, haka Allah ya tsara.” Ban yi dariya ba, shi ma bai sake ba.

Da yamma mai amalanken ya kai bido biyu, shi ma da ƙyar, don layi ya yi yawa. Na gaya wa yayata ta shinshina kafin ta zuba. Garinmu bakin iyaka ne, bidon da ya ɗauki ruwa yau mai yiwuwa fetur ya ɗauko makon jiya. Mutum zai wanke ya yi amfani da shi, ɗan kifi kuwa ɗan maiƙon da zai taso saman ruwa ya ishe shi. Ta buɗe na farko ta ce akwai wari. Na biyu ta ce ba ta da tabbas. Na ce ta bar su na wanke-wanke.

Sai na faɗi abin da nake ta kaucewa tun rana.

“Yaya, akwatuna ukun da ke wajen yamma, inda rana ke bugu, ki rufe robobinsu. Biyun da ke jikin bango ki bar su, ki rage ɗigon yadda za ki iya cewa bisimilla tsakanin ɗaya da ɗaya. Abinci sau ɗaya a rana, kaɗan.”

“Ukun fa?”

“Ki bar su.”

“Su mutu?”

“Eh.”

“Ni za ka sa in kashe su? Da safe in na zo duk sai su taru wajen hannuna.”

“In ba ki rufe ukun ba, biyar za mu rasa.”

Ina jin awaki a bayanta, da ƙarar bido ana ja a ƙasa. Can ta ce, “Na rufe ɗaya.” Bayan jimawa, “Biyu.” Na ukun ba ta faɗa ba, sai kashe wayar da ta yi.

Likita bai sallame ni da wuri ba. Ya ce sai ya sake duba idon, kuma hawan jinina ya tashi, ya tambayi mai ɗakina ko akwai abin da ke damuna. Ta ce, “Kifi ne, likita.” Ya ɗauka abinci take nufi, ya ce in rage gishiri. Kullum sai mun kira gida, kullum amsar ɗaya ce: pampo bai dawo ba, biyun na nan, ruwa ya ƙara sauka. Daga baya wayar ta daina shiga. Babu kuran, caji ya ƙare.

Ranar da aka sallame mu muka shiga taksi. A Agiye direba ya tsaya cika fasinja, ya tafi cin tuwo. Na zauna da baƙin tabarau ina kallon mutane tar, abin da na shekara ban gani ba, har zanen hular wani da ke tsallaken titi. Ban ji daɗinsa ba. Kowane mai bido da ya wuce, sai na bi shi da ido.

Mun isa gida gab da la'asar. Ban shiga ɗaki ba, na wuce rumfa. Akwatuna uku an wanke su an kife. Biyun jikin bango ruwansu ya yi duhu, amma robobin na ɗiga, a hankali ƙwarai. Ta sa dutse a gindin tanon ta karkata shi don sauran ruwan ya taru wajen bakin tiyo. Na matsa ba tare da na sunkuya ba. Suna motsi. Sun ragu sosai, kuma a cikinsu akwai wasu da suka yi ƙato, sun ninka sauran. Na san abin da suka ci.

“Ukun na binne su gindin lemo,” ta ce daga bayana. “Kada ka tambaye ni.”

Ban tambaya ba. Da aka kira salla na gan ta ta durƙusa ta buga tafukanta a ƙasa mai tsabta ta shafa fuska. Na ce, “Yaya, taimama?” Ta ce na randa na sha ne, bidon nan biyu sun ƙare, na tano kuwa tun ranar da na sa ta rufe ukun ba ta bari kowa ya taɓa ba. Mai jego an samo mata amalanke tun washegari. Wasu sun zo da kwano, ta ba su daga randa. Ta ce wata ta yi mata magana a kan tanon, ita kuma ta ce mata rayuka ne a ciki, an riga an kashe uku saboda su.

Washegari da hantsi pampo ya fara huci, ya tofo iska da jan ruwa, sannan ya saki. Unguwa ta ɗauki guɗa. Muka cika tanon da ya bushe, amma ruwan na ta warin magani, ya fi na kullum. Mai ɗakina ta ce a juya makulli kawai. Na ce a'a, sai ya kwana. Tsohon tanon kuwa abin da ya rage bai wuce taki ɗaya ba. Na sa aka ƙara dutse a gindinsa, aka rage ɗigon har sai da yayata ta ce wannan ai ba ɗigo ba ne, gumi ne. Ranar ba a ba su abinci ba.

Da gari ya waye robar akwati guda ta bushe, kifin sun taso sun tsaya a tsaye. Ɗayar tana yi da ƙyar. Na shinshina sabon ruwan, warin ya tafi. Na juya makullin da hannuna, na murza tayoyin biyu sama. Muka tsaya mu uku. Wasu sun riga sun mutu sun juya ciki sama, yayata ta tsame su da ludayi. Sauran suka fara nutsewa ɗaya bayan ɗaya, har saman ruwan ya koma fili.

Abin da ya tsira bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Amma sun tsira, kuma dole a raba manya da ƙanana ranar nan, in ba haka ba manyan za su ƙarasa sauran. Ni an hana ni sunkuyo. Aka ajiye mini kujera, aka juyo akwati ɗaya daga cikin waɗanda aka kife aka zuba masa ruwa. Mai ɗakina ta riƙe rariya, yayata na tsamowa da kwano.

“Wancan babba ne, Yaya.”

“Ba babba ba ne, ciki ne gare shi.”

“Cikin nan ƙannensa ne.”

“To, kai da aka wanke wa ido jiya-jiyan nan har ka fi mu gani?”

Ta dai sa shi wajen manyan.